Saƙonnin da Ke Tafiya Cikin Jini: Abin da Tsoro, Yunwa da Haihuwar Gida Ke Yi wa Jikin Mutanen Batsari da Safana

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Batsari da Safana na cikin jerin. Duk wanda ya zauna a yankin cikin waɗannan watanni ya san yadda abin ya kasance. Kasuwa na ci, hanya na nan, mutane na kai da komo, amma al'amura sun cakuɗe. Ɗan kasuwa bai san farashin buhu a Katsina ba, mai mara lafiya ya rasa yadda zai kira mai mota, ɗan da ke ci-rani a Legas bai san halin da gyatumarsa ke ciki a Runka ko Wagini ba. Babu abin da ido zai nuna ya ce ga inda ya karye. Saƙo ne kawai ya daina isa.

Jikin ɗan Adam ma yana da irin wannan hanyar aike, kuma ita ma takan katse. Akwai wasu ƙananan gaɓoɓi a warwatse, daga cikin ƙoƙon kai har zuwa mara, waɗanda aikinsu shi ne haɗa sinadarai su zuba su kai tsaye cikin jini, jinin kuma ya kai su inda aka aike su. Sinadaran su ake kira homon, gaɓoɓin kuwa su ne maɓuɓɓugansu. Da za a tara su duka a ɗora bisa sikeli, ba za su kai rabin kilo ba. Amma su ke yanke tsawon da yaro zai kai, da lokacin da yarinya za ta fara al'ada, da zuwan ruwan nono bayan haihuwa, da yawan sukarin da ke cikin jini, da yadda zuciya za ta buga idan an ji ƙarar bindiga. Sai a 1902 ne William Bayliss da Ernest Starling suka tabbatar a Landan cewa wani sashe na jiki yana iya ba wani umarni ta cikin jini ko da an datse jijiyoyin da ke tsakaninsu. Daga nan aka buɗe wani fanni sukutum na likitanci.

Mutum zai iya ɗauka wannan karatu ne na ɗaliban likita a Katsina ko Zariya. Ni a ganina mutanen ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu sun fi kowa bukatarsa, domin halin da suka daɗe a ciki yana taɓa waɗannan maɓuɓɓugai kai tsaye. Ga shi kuma ciwon homon ba ya zuwa da rauni ko zazzaɓi. Yana zuwa da kasala, ko rama, ko kumburi, ko canjin hali, sai a ce iska ce, ko sammu, ko ragwanci, a yi ta yawon neman magani inda babu shi.

Uwar da nononta bai zo ba

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci, akwai wani ɗan rami a cikin ƙashi. A ciki wata maɓuɓɓuga take zaune mai suna fituwitari, nauyinta kimanin rabin giram. A samanta akwai wani sashe na ƙwaƙwalwa, haifotalamos, wanda ke auna jini dare da rana yana ba ta umarni. Ita kuma ta aika wa sauran: ta wuya ta ƙara aiki, ta kan ƙoda ta saki nata, ƙwayayen mace su nuna ƙwai, 'ya'yan marainan namiji su yi maniyyi. Ita ke fitar da homon ɗin girma da furolaktin mai haɗa nono. Ɓangarenta na baya yana sakin oksitosin mai matse mahaifa, da wani homon da ke hana ƙoda zubar da ruwa. Shi ya sa mai azumi a tsakiyar bazara yake ganin fitsarinsa ya ragu ya yi ja. Idan homon ya wadata a jini, umarnin sai ya ragu da kansa, idan ya yi ƙasa ya ƙaru. Da haka jiki ke riƙe daidaito ba tare da mai shi ya sani ba.

Lokacin da mace ke da ciki, wannan maɓuɓɓuga takan kumbura ta kusa ninka girmanta, saboda tana shirin shayarwa. Girman ya ƙaru, amma hanyoyin jinin da ke ciyar da ita ba su ƙaru daidai da shi ba. To, idan mace ta haihu jini ya ɓalle mata har ta galabaita, fituwitari na cikin gaɓoɓin da ke fara rasa jini, wani sashe nata ya mutu. Wani likita, Harold Sheehan, shi ya fayyace wannan a 1937 a birnin Glasgow na Sikotlan, kuma da sunansa ake kiran ciwon har yau.

Matar ta tsira da ranta, an yi suna, an yi barka. Amma nono bai zo ba. Aka ba ta kunun kanwa da saiwoyi, shiru. Aka yi arba'in, aka yi shekara, al'ada ba ta dawo ba. Gashin hammata da na gaba ya zube. Kullum tana jin sanyi, jiri na ɗibarta idan ta miƙe, daka ya gagare ta, surfe ya gagare ta, fuskarta ta koɗe. A gidan miji sai a fara cewa ta zama raguwa, ko kishiya ta yi mata asiri, wani lokaci ma a sallame ta saboda haihuwa ta tsaya. Abin baƙin ciki shi ne ciwon yana iya ɗaukar shekara goma ko fiye kafin a gano shi, alhali ƙwayoyin da ke maye gurbin homon ɗin da ta rasa, tairoksin da haidirokotizon, ba su cikin magunguna masu tsadar gaske. Idan ta samu likitan da ya gane, ta riƙa sha kullum, takan dawo cikin hayyacinta.

A ƙasashen da mata ke haihuwa a gaban ƙwararru, wannan ciwo ya zama abin da likita kan daɗe bai gani ba. A nan kuwa sababinsa na tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 suka mutu a Najeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma zubar jini na sahun gaba cikin dalilan. A bayan waɗanda suka rasu akwai waɗanda suka sha da ƙyar, kuma cikinsu ne masu wannan ciwo suke. A karkarar Katsina mafi yawan mata a gida suke haihuwa. Ƙara da cewa a shekarun da hare-hare suka yi tsanani, naƙudar dare a ƙauyen Safana ko Batsari na nufin jiran wayewar gari, domin ba mai babur ɗin da zai yarda ya hau hanya.

Rigakafin zubar jinin kuwa homon ne shi ma. Allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar jariri ya faɗo tana matse mahaifa ta toshe bakin jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. Sai dai tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 40. Kwalbar da ta yi makonni a kan kanta cikin rumfar kwano tana iya zama ba ta da ƙarfi, a yi allurar jini bai tsaya ba. Akwai kuma wata ɓarnar: wasu masu kemis da masu allurar gida kan yi wa mace ita tun jariri na ciki, wai allurar naƙuda don a gaggauta. Wannan yana iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Inda babu firji, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙwayar misofurostol, wadda zafi bai cika lalata ta ba.

A nan 'yar Arewa ta taka rawar da ya kamata a sani. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, na cikin jagororin wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi kan mata fiye da 200,000 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin don a daina kintace da ido, kuma da zarar ya kai rabin lita a haɗa mata matakan ceto gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce da allurai da horo. Babu dalilin da zai hana wannan isa asibitocin Batsari da Safana.

Maƙoƙo da gishirin kasuwa

Cikin duk maɓuɓɓugan nan, guda ɗaya ce Bahaushe ya daɗe da sanin ciwonta da ido. A gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, tairod take, ɓari biyu dama da hagu, nauyinta kusan giram 20. Ita ke saita saurin da jiki ke ƙona abinci. Don ta haɗa homon ɗinta, tairoksin, dole ta samu aidin. Babba na bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Idan aidin ya yi ƙaranci, fituwitari ta yi ta matsa mata lamba, ita kuma ta yi ta kumbura tana neman abin da babu. Wannan kumburi shi ne maƙoƙo.

Kumburin wuyan shi ake gani, amma babbar asarar tana cikin mahaifa. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi da tairoksin ɗin uwarsa take ginuwa a watannin farko. Uwar da ba ta da aidin za ta iya haifar yaron da zai tashi da jinkirin fahimta, ko kurumta, ko tsumburewa, kuma ba a gyara wannan daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa ƙarancin aidin ne babban sababin naƙasar ƙwaƙwalwa da ake iya kauce masa.

Najeriya ta yi abin a yaba a nan. A 1993, lokacin da kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka bincika ke da maƙoƙo, aka wajabta sanya aidin a gishirin ci, kuma a tsakiyar shekarun 2000 ƙasar ta zama ta farko a Afirka da aka shaida ta cimma wannan buri. Amma nasarar tana iya zubewa a rumfar kasuwa. Aidin na gudu idan gishiri ya sha rana da laima, kuma haka ake baje shi a buɗe ana aunawa da gwangwani. Akwai kuma gishirin dabbobi da na kantu da ke gangarowa daga Hamada tun zamanin ayarin Bilma, waɗanda ba a sa musu aidin, kuma idan talauci ya matsa sukan shiga tukunyar miya. Binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tairod ƙarfi, haka ma rogon da ba a jiƙa ko aka shanya da kyau ba. Ba ana cewa a bar fura da tuwo ba ne. Idan aidin ya wadata ba sa yin illa. Ana cewa ne mai cin gero kullum ya fi kowa bukatar gishirin leda mai lambar NAFDAC, a ajiye shi a rufe.

Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wani lokaci tairod kan yi aiki fiye da kima: mace na ci tana ramewa, gabanta na faɗuwa ba dalili, hannu na karkarwa, gumi na zuba ko da sanyi, idanu sun firfito, ga saurin fushi. Irin wannan ce ake yawan kaiwa wajen masu cire aljanu. Wani kumburin kuma ƙari ne da ke bukatar aiki. Tsagar wanzami a wuya ba ta warkar da ko ɗaya daga ciki, kuma wurin cike yake da manyan jijiyoyin jini.

Jikin da bai daina jin tsoro ba

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar maɓuɓɓuga mai nauyin giram 4 zuwa 5, adirinal. Cikinta na fitar da adirinalin, bayanta na fitar da kotizol da wani homon mai riƙe gishiri. Idan aka ji rugugin babura da tsakar dare, kafin mutum ya gama tunani adirinalin ya riga ya shiga jini: zuciya ta ƙara gudu, hanta ta saki sukari, jini ya bar hanji ya koma cinyoyi, baki ya bushe. Da wannan ne tsohuwa ke goya jika ta yi gudun da ba ta taɓa zaton za ta iya ba. Kotizol kuma ya biyo baya ya riƙe jiki har haɗarin ya wuce. Rahama ce daga Mahalicci.

An tsara ta ne don ta zo ta wuce. A ka'ida kotizol yakan yi sama da asuba ya sauka da dare don a samu barci. To, yaya jikin wanda ya shekara yana kwana a gona ko a kan dutse, kunne a buɗe? Yaya na matar da aka sace mijinta ana ta cinikin kuɗin fansa wata da watanni? Idan homon ɗin firgita ya daɗe a sama, hawan jini kan samu wurin zama, sukari ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, barci ya ƙaurace. Al'adar mace kan rikice, domin haifotalamos kan dakatar da umarnin haihuwa idan ya ga jiki na cikin haɗari. Adirinalin kuma yana tare oksitosin, shi ya sa uwa a firgice take kasa tsatso da nono ko da yana nan. A 2025 an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin yankin, ciki har da Batsari da Safana, mutane da dama sun koma gonakinsu. Amma jijiyar jinin da ta yi shekaru a matse ba ta san an yi sulhu ba. Duk wanda ya ratsa waɗannan shekaru, ko yana jin garau, ya kamata a auna masa jini da sukari.

Akwai kuma ɓarnar da muke saye da kuɗinmu. Deksametazon da furedinisolon kotizol ne na kanti, magunguna masu amfani ƙwarai a hannun likita. A kasuwanninmu kuwa sun zama maganin ƙiba, wanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe, ana haɗa wa amare da 'yan mata, ana kuma cusa su cikin haɗin ciwon jiki da manoma ke saya bayan sun dawo daga gona. Wasu mayukan bilicin ma da irinsu ake haɗa su. Ƙibar da suke kawowa ta ciwo ce: fuska ta yi tulu, ciki da doron wuya su tara kitse, ƙafafu su sirance, fata ta yi nankarwa ja, ƙashi ya yi rauni, suga da hawan jini su biyo baya. Wani haɗarin ya fi wannan. Idan jiki ya ga kotizol na shigowa daga waje, fituwitari sai ta daina aike, adirinal ta kwanta ta shanye. Ranar da aka daina sha kwatsam, ko zazzaɓi mai zafi ya zo, sai a ga amai, jini ya faɗi, mutum ya sume, wani ma ya tafi ke nan. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke da kansa. Ya je a rage masa sannu a hankali. Iyaye mata masu shirya amare su ne za su iya tsayar da wannan, kuma nauyin yana wuyansu.

Suga ba ciwon masu kuɗi ba ne kaɗai

A bayan tumbi wata doguwar tsoka take kwance, fankiriyas. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi, amma a cikinta akwai ƙananan tsibirai kusan miliyan ɗaya, waɗanda Paul Langerhans ya fara gani a 1869 yana ɗalibi a Jamus. Su ke fitar da insulin, wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka da hanta, da gulukagon, wanda ke fito da shi idan an ji yunwa. Idan insulin ya ƙare ko jiki ya daina jin maganarsa, sukari ya taru a jini, ƙoda ta yi ta zubar da shi. Daga nan alamun da aka sani: yawan fitsari har kiyashi na bin wurin, ƙishirwa, rama, gyambon da ba ya warkewa. Idan aka auna da safe kafin a ci komai aka samu 126 ko fiye, aka maimaita aka sake samu, ciwon suga ya tabbata.

Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 ne ke da shi a Najeriya a 2021, da yawansu ba su sani ba. A ƙauye yakan fara bayyana ne a ƙafa. Suga na kashe jijiyoyin ji, manomi ya taka ƙaya bai sani ba, wurin ya ruɓe, sai an kai ga yanke ƙafa. Na yara kuwa, wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya, ya fi saurin kisa. Yaro ya rame cikin makonni, ya fara amai da numfashi mai zurfi, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro har ya tafi, alhali ɗigon jini ɗaya a na'urar gwaji zai nuna gaskiya cikin ƙasa da minti guda. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta Kanada, kowane yaro mai wannan ciwo mutuwa yake yi. A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya tashi. Masu binciken suka sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakar a kan dala ɗaiɗaya don kowa ya samu. Shekara ɗari bayan haka, yaron Ruma ko Zakka na iya mutuwa irin mutuwar kafin 1921.

Akwai wani sabon babi da ya shafe mu kai tsaye. A watan Afrilun 2025, a taronta na Bankok, waccan ƙungiya ta masu yaƙi da ciwon suga ta amince da wani nau'in ciwon da ake dangantawa da daɗewa cikin yunwa, ta kira shi nau'i na 5. Tun 1955 aka fara bayyana shi a Jamaika. Yana kama matasa ramammu waɗanda tamowa ta hana fankiriyas ɗinsu ginuwa tun suna ciki ko suna ƙanana, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 20 zuwa 25 ke da shi, akasari a Asiya da Afirka. Masana na ci gaba da nazarin yadda za a riƙa gane shi da yi masa magani, domin yawan insulin ɗin da ake ba sauran yana iya kayar da sukarinsu ƙasa warwas.

A ajiye wannan kusa da halin da Katsina ke ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar sun tsumbure. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke kula da yara masu tamowa a jihar tun 2021, ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta cikin watanni shida na farkon 2025. Tsumburewa ita ma maganar homon ce: a jikin yaro mai yunwa homon ɗin girma yana nan, har yakan yi yawa, amma hanta ta ƙi amsa kiransa saboda babu abin gini. Gonar da aka hana nomawa a 2020 tana nan a rubuce a tsawon yaron da aka haifa a shekarar, kuma wataƙila ta sake bayyana a sukarinsa idan ya kai ashirin. Wanda ke tsara lafiyar wannan yanki na shekaru masu zuwa dole ya sa wannan a lissafi.

Ajiyar insulin ba tare da lantarki ba ta daɗe tana hana likitoci ba mutanen karkara shi. A 2021 MSF da Jami'ar Jeneba suka fitar da binciken da ya dogara da yanayin sansanin Dagahaley na arewacin Kenya, inda zafi ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37. Sun samu cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu. Mu kuma muna da randa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. A sa kwalbar a leda, a ajiye a irin wannan wuri cikin inuwa, kada ruwa ya taɓa ta. Game da azumi kuwa, mai allurar insulin ya ga likita tun cikin Sha'aban. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma malamanmu sun san haka.

Sauran maɓuɓɓugan ma suna da nasu. Huɗu ƙanana da ke manne a bayan tairod su ke daidaita kalsiyam, kuma idan abinci bai kawo shi ba sukan zare shi daga ƙashi. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna gwamewar ƙafar yaranmu ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam fiye da rashin bitamin D, abin lura ga yankin da satar shanu ta raba gidaje da yawa da nono da kindirmo. Rashin haihuwa kuma, da ake ɗora wa mace ita kaɗai har a kira ta juya, kusan rabin lokuta da hannun namiji a ciki. Hangum da ya kama saurayi bayan balaga ma yana iya taɓa 'ya'yan maraina. Macen da nono ke zubo mata ba ta da goyo, al'ada kuma ta ɗauke, sau da yawa furolaktin ne ya yi yawa, kuma akwai ƙwayar da ke saukar da shi.

Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne, kuma a manyan asibitocin koyarwa suke: na Tarayya da ke Katsina, na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ba za a kai su kowace gunduma ba. Abin da za a iya kaiwa shi ne na'urar gwajin suga da tsinkayenta, da ma'aunin hawan jini, da ledar auna jinin haihuwa, a kowane ƙaramin asibiti da aka sake buɗewa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da damar ajiye oksitosin a cikin firjin allurar rigakafi, don haka inda akwai firji mai aiki da hasken rana, umarni da sa ido kawai ake bukata daga gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Sarkin Ruma da Yariman Katsina, da dagatai da limamai, su ke da bakin da za a ji idan suka yi magana kan sha-ka-fashe da allurar naƙuda.

Kai kuma mai karatu, idan a gidanku ko maƙwabta akwai matar da ta zubar da jini sosai a wata haihuwa, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, tun daga nan ba ta ƙara jin ƙarfi ba, ka taimaka a kai ta babban asibiti. Idan an shiga wurin likita, a fara ba shi labarin waccan haihuwar, ko da shekara goma ke nan da yin ta.